Kwatangwalon Aro

Ranar da Tilda ta faɗa wa ubanta cewa a kan Yatsa za a ɗaura mata aure, Harlan Stuckey bai bari gahawarsa ta huce ba sai da rabin garin Cold Fork ya ji cewa shi zai haye dutsen nan hannu ɗaya a aljihu. Yatsa kuwa shi ne dutsen da ya miƙe tsaye shi kaɗai a bayan gari, samansa bai fi faɗin falo ba, kuma ba a kai masa sai da igiya. Tilda jagorar masu hawan dutse ce, angonta Anselmo ma haka, don haka ba wanda ya yi mamaki. A garinmu an yi aure a kan doki, an yi a tsakiyar kogi, wannan ba wani abin ɗaga gira ba ne.

A yi masa adalci, Harlan ya taɓa hawa Yatsa. Yana saurayi ne a lokacin, zamanin da ake zagaya igiya a ciki kawai a ce Allah ya tsare. Sai dai labarin ya yi ta girma tare da mai shi. Da farko da igiya ya hau, daga baya igiyar ta ɓace daga labarin, can kuma sai ga wani abokinsa mai karyayyar ƙafa goye a bayansa, a bara ma har karen abokin ya shigo ciki. Tun daga wancan hawan bai ƙara taka abin da ya wuce tsanin shagonsa na sayar da tayoyi ba. Ya zauna ya ci, ya ci ya zauna, tumbi ya yo gaba, baya kuma ya shafe sumul. Wandonsa ma ba don igiyar kafaɗa da ke riƙe shi ba da tuni ya yi sallama da shi a tsakiyar titi.

Tilda ta san wannan sarai. Shi ya sa ta zaunar da shi, ta dafa hannunsa, ta ce masa cikin lallashi: "Baba, in abin zai yi maka wuya, ka zauna a ƙasa tare da baƙi, ba komai wallahi. Orrin zai miƙa ni ga ango."

Orrin! Mutumin da ya auri Lorna, uwar Tilda, bayan ta gaji da labaran Harlan ta kama gabanta. Siriri ne, ba ya magana sai ta kama, shi ya koya wa Tilda hawan dutse, kuma shi ne shugaban 'yan ceto na gari. Bai taɓa yi wa Harlan komai ba, abin da ya fi ba Harlan haushi ke nan. Maganar nan ta soke shi har ƙashi, domin duk cika bakinsa yarinyar nan ita kaɗai gare shi, kuma tun tana cikin zani yake hango ranar da fasto zai tambaya wa ke ba da wannan mace, shi kuma ya gyara murya ya amsa. Ya buga tebur ya ce ko da haƙora ne zai hau.

Washegari ya nufi shagon kayan hawa na Bernice, 'yar kawunsa, wadda tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta daɗe a tsakiya, sannan ta zube masa ɗamarorin hawa a kan tebur. Ga ta ƙugu mai madaurin cinya biyu, wadda kowa ke sawa. Ga mai kauri da laushi ta waɗanda ke kwana a jikin dutse. Ga kuma wata siririya da ba ta fi zaren ɗaure buhu ba, ita ce Harlan ya ɗaga da yatsa biyu ya tambaya ta su wa ce. Bernice ta ce ta masu tsere a kan duwatsun ƙanƙara ce, mutanen da iska ke iya ɗauka.

"To ai ni aka ɗinka wa," in ji shi.

"Kai aka ɗinka wa buhun da ta zo a ciki."

Ya yi kamar bai ji ba, ya zura ƙafafu, ya haɗiye numfashi, ya ja madauri sai da idanunsa suka yo waje. A shagon akwai igiya rataye a rufi, don ba a sayar wa mutum ɗamara sai ya yi reto a cikinta an gani. Bernice ta maƙala shi, ta ce ya ɗaga ƙafafunsa. Ya ɗaga. Ya yi murmushi, ya buɗe baki zai faɗi wani abu game da zamaninsu, sai shagon ya kife. Takalmansa suka koma sama, kansa ya dawo ƙasa, makullai da waya da wani guntun burodi mai nama suka zubo daga aljihu. Daga inda yake reto ya sanar wa masu sayayya cewa da gangan ya yi, yana gwada ƙarfin ɗinkin ne.

Da aka sauke shi Bernice ta yi masa bayani kamar mai koya wa yaro sa takalmi. Ɗamarar ƙugu a saman ƙashin kwatangwalo take zama, shi ke hana ta zamewa. Shi kuwa nauyinsa duk a sama yake, kwatangwalo kuma Allah bai ba shi ba. Mafita biyu ce: ko a ƙara masa ta ƙirji, ko ya sa ta jiki duka, mai ratsa kafaɗu ta haɗe a gaba. Harlan ya ɗaga ta ƙirjin ya juya, ya ce wannan ai rigar nono ce, shi ba zai sa ta a hoton auren 'yarsa ba. Ya tambaya su wa ke sa ɗayar.

"Ƙananan yara," in ji Bernice. "Da masu juna biyu."

Kamar an shirya, wata mai tsohon ciki da ke gwada irinta a gaban madubi ta juyo ta ce masa kada ya ji komai, tana da daɗi ƙwarai, ko kaɗan ba ta matse cikin. Har ta tambaye shi nasa wata nawa. Shagon ya ɗauki dariya. Harlan ya tattara makullansa da burodinsa, ya ce a naɗe masa siririyar, wai wani ɗan abokinsa zai yi wa kyauta. Bernice ta naɗe, amma ta tuna masa abin da ya riga ya sani: a gindin dutse ba mai hawa sai abokin igiyarsa ya kama ɗamararsa ya fizga ƙasa da ƙarfi. In ta zame, ko gwamna ne sai ya koma ya zauna. Kuma Tilda ce da kanta za ta fizgi tasa.

A hanyar gida ya yanke shawarar kashe tumbin da yunwa. Ya riƙe wannan alkawari har lokacin abincin rana. Yana cikin cin kaza ta biyu sai basira ta sauko masa: matsalar ba yawan tumbi ba ce, ƙarancin kwatangwalo ne. Abin da mutum ba shi da shi kuwa, ai sai ya ƙera.

Ya ɗaura igiya a katakon rufin garejinsa, ya cusa matasan kujera biyu a wando, ya hau bokiti ya ture shi da ƙafa. Matasan suka lotse, ya kife. Ya gwada tawul, ya kife. Ya yanko tsohuwar taya gida biyu ya ɗaura a gefe da gefe, wannan kam ta ɗan riƙe shi, sannan ta yi tsalle ta fasa fitilar garejin, shi kuma ya kife ya gwara goshi da murfin firiza. Ƙarar ce ta fito da maƙwabciyarsa Gwaggo Opal, tsohuwar da ta haura tamanin amma ba abin da ke faruwa a layin nan ba da saninta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta karkata kai don ta ga fuskarsa daidai.

"Harlan, rataye kanka za ka yi? Ai ta wuya ake yi, ɗan nan."

"Atisaye nake, Gwaggo. Haka manyan mahaya ke yi, jini ya saba da kai."

"To Allah ya sa ya tarar da wani abu a ciki."

Ba ta iya sauke shi ita kaɗai, don haka ta leƙa titi ta kira taimako, kuma ta kira shi da muryar da sai da layi biyu suka fito. Wasu har da kujerunsu. Bayan an kwance shi an zaunar, Gwaggo Opal ta buɗe firizar tana neman ƙanƙarar da za a danna masa a ƙullutun goshi. Babu ƙanƙara, sai naman barewar da ya harbo a kaka, wanda ya niƙa ya haɗe da tafarnuwa da barkono ya ƙulla a leda. Ta ɗauko ƙulli ɗaya ta manna masa. Harlan ya riƙe abin nan a goshi, ya ji shi da tauri kamar dutsen niƙa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, sai aka ga yana murmushi shi kaɗai. Maƙwabta suka watse suna cewa buguwar ta taɓa shi.

Da ya rufe ƙofa sai ya narkar da ƙulli huɗu, ya cuɗa su gida biyu, ya manna kowanne a gefensa ya daddanna har ya ɗauki siffar jikinsa, sannan ya mayar firiza. Da suka daskare ya naɗe su a tsohuwar safa, ya liƙa da salatif a ƙarƙashin wando, ya ɗaura siririyar ɗamararsa a kai. Ya hau bokiti, ya ture. Jama'a, ya zauna daram! Ya yi lilo, ya yi waƙa, ya sara wa firiza. Sanyin yana cizonsa har cikin ƙoda, amma ya ce wa kansa duk wanda ya ƙirƙiro sabon abu sai ya ɗan sha wuya. Bai daɗe a sama ba ya sauko ya mayar da kayansa ma'ajiya, saboda haka bai ga abin da nama ke yi in ya jima a jikin mutum ba.

Ranar aure gari ya waye tas. An jera kujeru a gindin Yatsa, an kafa rumfa, ana gasa nama, baƙi sun zo da madubin hangen nesa. Mutum kaɗan ne za su hau: amarya da ango, Lorna, Fasto Amos, Orrin da ya riga ya kai sama don riƙe wa mutane igiya, sai Harlan. Kowa na sauri, domin a wannan wata hadari da rana yake haɗowa, kuma ba mai hankalin da zai yarda tsawa ta same shi a kan Yatsa.

Harlan ya faka motarsa can bayan itatuwa, ya ɗauko kwatangwalonsa daga akwatin sanyi, ya shirya. Ya fito cikin baƙar kwat da jar laktaya a wuya, yana tafe yana rangaji, ƙafafu a wawware. Kowa ya juyo yana kallonsa. Lorna ta sauke tabarau ta ce ta zauna da mutumin nan shekara da shekaru, ba ta taɓa ganin wannan kaya a jikinsa ba. Harlan ya ce motsa jiki ne, akwai tsokar da ba ta fitowa sai namiji ya manyanta. Karnukan baƙi guda uku suka taso suka bi bayansa suna shinshina, ya ce dabba ta san jarumi.

Tilda ta zo da farar rigarta a tattare cikin ɗamara, ta duba madaurinsa, ta kama ta fizga ƙasa. Ko motsi. Ta ƙara fizga har ta ɗaga ƙafa. Ta dubi Bernice, Bernice ta zo ta gwada da hannu biyu, ta koma gefe tana taɓe baki. Tilda ta ce amma jikinsa ya yi sanyi ƙarara, ko ba shi da lafiya ne? Ya ce shi haka jininsa yake in ya tunkari dutse, tun yana saurayi. Yarinyar ta rungume shi, idonta ya kawo ruwa, ta ce ta san ya sha wahala saboda ita. Nan fa Harlan ya ji kunya ta kama shi, amma bai bari ta daɗe ba.

Da ya hau nan take, da wataƙila ya tsira. Amma ina. Ya ce shi zai zama na ƙarshe, don a samu wanda zai taimaki duk wanda ya maƙale. Amarya ta hau, ango ya hau, Lorna ta hau, Fasto Amos ya hau a hankali yana addu'a a kowane taku. Duk wannan lokaci Harlan na tsaye a rana kusa da wutar gashi, ya tara dangin ango yana ba su labarin abokinsa mai karyayyar ƙafa, wanda a yau ya zama su biyu.

Da igiya ta sauko Bernice ta ɗaura masa, ya tofa yawu a hannu, ya kama dutse. Abin mamaki, jikin bai manta ba. Yana nishi kamar tsohuwar motar itace, amma yana tafiya, Orrin kuma na jan igiya daga sama ba tare da ya bar ta ta yi sako-sako ba. Mutane suka fara tafi. Harlan ya ji daɗin da bai ji ba tun yana saurayi, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga musu.

A daidai nan ɗigon farko ya sauka a kan farar hular uwar ango. Ta shafa, ta duba yatsanta, ta ga ja. Kafin ta yi magana wani ya sauka a farantin mijinta. Aka ɗaga madubai sama, sai ga wandon Harlan ya jiƙe sharkaf ta gefe biyu, jan ruwa na bin ƙafafunsa yana zane a jikin dutse. Aka shiga yi masa ihu ya tsaya, jini yake zubarwa. Shi kuwa daga can sama hayaniya kawai yake ji, ya ɗauka kirari ne, ya ƙara ɗaga hannu har da jefo sumba. Hankaki biyu suka zo suka sauka kusa da shi, ɗaya ya matso ya ja bakin aljihunsa. Harlan ya kore shi da gwiwar hannu, ya lura gefensa ya daina sanyi, ya ma yi laushi, amma ya ce ai saura ƙiris.

Dab da saman Yatsa akwai inda dutsen ya turo goshi waje, dole mutum ya rataya da hannu ya ja jikinsa. Harlan ya kama, ya ja, ya yunƙura iya ƙarfinsa. Ɗamara ta matse, kwatangwalon hagu ya sulɓe ta saman wando kamar sabulu a hannun mai wanka, ya bi iska, ya faɗi tim a gaban rumfa.

Gwaggo Opal ce ta fara magana, ta ce, "Shi ke nan, ɗuwawunsa ya cire." Uwar ango ta sulale daga kujera. Wani likitan dabbobi da ya yi ritaya ya durƙusa a kan abin, ya juya shi da cokali, ya ce a iya saninsa ba a rayuwa bayan an rasa wannan. Bernice ta ture shi, ta sunkuya ta shinshina, ta miƙe ta ce ita dai ba ta taɓa jin ɗan Adam mai tafarnuwa da barkono ba. Kafin a gama gardama wani kare ya sure abin ya ruga daji da shi, mutum huɗu suka bi shi suna cewa a ƙwato, ko za a iya mayar masa a asibiti.

Kwatangwalon daman bai jira an gama ba, shi ma ya biyo ɗan'uwansa. Hannun Harlan ya kuɓuce, ɗamara ta zame daga ƙugu ta tsaya a cinyoyi, duniya ta kife masa kamar yadda ta saba. Sai dai wannan karon ba gareji ba ne. Yana reto a sarari, dutse ya yi masa nisa, kwat ta rufe masa kai, laktaya na shafar hancinsa, mutane a ƙasa sun koma kamar tururuwa. Madaurin cinya ne kawai ke riƙe da shi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya ƙanƙame gwiwoyinsa wuri ɗaya.

Muryar Orrin ta zo daga sama, a natse, tana ce masa kada ya motsa, yanzu za a sauke shi.

"Kada ka kuskura!" in ji Harlan daga cikin kwat. "Hutawa nake."

Aka gwada jawo shi sama. Ango da Lorna da fasto suka kama igiya suka ja, igiyar ta cije a bakin dutse, Harlan bai ɗaga ko taƙi ɗaya ba. Tsakaninsa da saman bai fi tsayin mutum uku ba, yana jin duk abin da suke faɗa. Ya ji Anselmo na cewa a dubi yamma, hadari ya taso. Ya ji tsawa ta yi gunaguni daga nesa. Ya ji fasto na cewa in za a ɗaura a ɗaura yanzu, ba lokacin da za a sauke mutum a sake masa shiri ya sake hawa. Sannan ya ji Lorna, da muryar nan tata da ya sani, tana cewa, "Orrin, ɗaure igiyar a ƙarfe ka zo ka tsaya mata. Shi ya jawo wa kansa."

Harlan ya rufe ido. Ɗaure igiya a ƙarfen da ke kafe a dutse a saki hannu abu ne da ake koya wa kowa a makon farko, kuma a Cold Fork Orrin ne ke koyarwa. Kafin a ƙifta ido zai gama. Hawaye suka zubo wa Harlan, da yake a kife yake sai suka bi ta goshi suka shige gashi.

"Hannuna ba sa sakuwa," in ji Orrin. "Ina riƙe da mutum."

Lorna ta fara faɗa, ya maimaita mata maganar kamar yadda ya faɗa da farko, bai ƙara ko kalma ba. Can sai Harlan ya ji tsakuwa na zubowa. Ya yaye kwat daga fuska, sai ga kan Tilda ya leƙo daga bakin dutse, ta kwanta rub da ciki a farar rigarta. Kusa da ita kan ango ya leƙo, sannan na Fasto Amos, wanda ya runtse ido don ba ya son kallon ƙasa.

"Baba, kana ji na?"

"Ras nake ji, 'yata. Daga nan ma an fi ganin gari."

"Me ke zuba daga jikinka?"

"Barewa ce. Ki bari sai mun sauka."

Ta kifa kai a kan dutse, kafaɗunta na rawa, shi kansa bai san ko dariya take ko kuka ba. Fasto ya buɗe littafinsa a bakin dutse, ya yi karatun da bai taɓa yin mai sauri irinsa ba, iska na fizgar shafuka. Da ya zo wurin, sai ya haɗa tafin hannu a baki ya kwarara tambayar zuwa ƙasa: wa ke ba da wannan mace?

Harlan ya gyara laktayarsa, duk da sama take kallo. Ya gyara murya. Ya amsa da ƙarfin da sai da hankaki suka tashi, mutanen rumfa suka ji, masu bin kare ma suka tsaya: "Ni ne, ubanta!"

Aka sauke shi a hankali, kai a gaba, yana juyawa kamar ragon da aka rataye. Karnukan da suka rage suka tarbe shi da lasa. Motar asibiti ta riga ta iso, ma'aikatan suka kwantar da shi suka farke wandon da almakashi a gaban kowa suna neman rauni, ba su samu komai ba sai salatif da safa da 'yar sauran tafarnuwa. Gwaggo Opal ta tambaya ko za a gasa ragowar ne ko zai mayar. Uwar ango ta farfaɗo, aka yi mata bayani, ta ce a mayar da ita cikin sumanta. Bernice kuwa ta zauna a ƙasa tana dukan cinya don dariya.

Ruwa ya fara sauka lokacin da na sama suka iso ɗaya bayan ɗaya. Tilda ta zo da gudu ta faɗa jikinsa, rigar amarcin ta ɓaci da jan ruwa, ba ta ko duba ba. Orrin ne ya sauko a ƙarshe, ya tsaya gefe yana naɗe igiya, tafin hannunsa ya yi jajir. Harlan ya yafa bargon asibiti a ƙugu, ya taka ya same shi. Suka tsaya suna kallon ruwan sama, ba mai kallon wani.

"Ai da ka ɗaure ta a ƙarfe ka saki hannunka," in ji Harlan ƙasa-ƙasa.

Orrin ya ci gaba da naɗin igiyarsa. "Na manta yadda ake ƙullin."

Harlan ya juyo ya dube shi. Sannan ya ja bargonsa sama, ya dafa kafaɗar Orrin.

"Ba komai, ɗan'uwa, tsufa ne," ya ce. "Ka biyo ta gida gobe in koya maka."